Kunnena lafiya lau amma ba na gane magana cikin hayaniya: yadda aka auna ƙwaƙwalwata

Bayan hatsarin motar da na yi kaina ya bugu, ciwon kai da jirin duk sun lafa a hankali, abu ɗaya ne ya ƙi tafiya. In mutum ɗaya ke min magana a ɗaki shiru ina jinsa ras, ko raɗa ya yi. Amma da zarar mutum biyu ko uku sun haɗa baki, ko fanka na juyawa ga rediyo a kunne, to shi kenan, muryoyin duk ina jinsu amma sai su cakuɗe min in kasa riƙe ta wanda nake son saurara. A mitin wajen aiki sai in ga bakin mutum na motsi, ƙarar kalmomin na shiga kunnena, kafin in haɗa ma'anar jimlar farko ya kai ta uku. In an tashi kuwa gajiyar da nake kwasa kamar wanda ya wuni dako.

Ranar hatsarin an yi min hoton CT, wato hoton cikin kai da inji ke ɗauka, an ce babu jini babu tsagewar ƙashi. Akwai wani ma'auni na Glasgow da suke duba farkawar mutum da shi, daga 3 yake zuwa 15, wanda ya samu 13 zuwa 15 shi suke cewa rauninsa mai sauƙi ne, ni a nan na faɗa. To wannan kalmar ta mai sauƙi ita kowa ya riƙe, har a gida, sai aka koma ce min ai ba ka mai da hankali ne kawai.

Da farko wajen masu gwajin kunne aka tura ni. Aka sa ni wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, ƙofarsa ma nauyi gare ta, aka ɗora min hedfon aka ba ni maɓalli, in na ji ƙara komai ƙanƙantarta in danna. Suna farawa daga sauti mai kauri wajen 250 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) har zuwa siriri na 8000 Hz, kunnen dama daban na hagu daban. Aka duba dodon kunne ma da wani ɗan inji mai hura iska. Rizal ya fito komai na cikin layin lafiya, wato duk sautukan ina jinsu tun ƙarfinsu bai wuce desibel 20 ba, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Gaskiya raina ya ɗan ɓaci, ba don ina son a ce na kurumce ba, sai don na san akwai abin da ke damuna ga takarda kuma tana cewa babu. Mai gwajin ta lura da fuskata, ta ce "Malam, wannan gwajin kunne kaɗai yake tambaya, kuma a ɗaki shiru, kai kuma matsalarka a hayaniya take, sai an duba can ciki." Sai ta ƙara min wani, jimloli ake karantawa ana ƙara surutun mutane a bayansu kaɗan-kaɗan ni kuma in maimaita, a nan ne na zube warwas, ita ce ma ta rubuta a tura ni gwajin EEG na musamman da ake haɗawa da saurare, wato a sa maka hula mai wayoyi a ɗauki siginar lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa.

Kafin ranar sun kira ni a waya suka ce in wanke kaina da sabulu, kar in shafa mai ko wani abu a gashi, in samu barci sosai, in kuma zo da sunayen duk magungunan da nake sha don wasu na rage saurin ƙwaƙwalwa su ɓata awon. Da na je aka ba ni fom na cike, har da tambayar wane hannu nake amfani da shi, dama ko hagu.

Ɗakin babu wani abin tsoro a ciki, kujera ce mai laushi da skirin a gabanta, sai kwamfutocinsu a ɗaya ɗakin ta bayan gilashi. Wayata ma sai da aka karɓa aka ajiye a waje, don abin da za su ɗauka daga kaina ƙanƙane ne ƙwarai, da mikrobolt ake ƙirga shi, wato kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, ko wayar wutar da ke cikin bango tana iya shiga ta dagula shi.

Aka fara da mai sauƙin, na hanyar da sauti ke bi daga kunne zuwa gindin ƙwaƙwalwa, ABR suke ce masa. An manna min 'yan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, aka cusa min wani soso mai bututu a kunne, sai ƙara ƙas-ƙas-ƙas da sauri ba tsayawa. Ba abin da ake so in yi, ma'aikacin ya ce ko barci na yi ba komai. Wannan amsar a ƙasa da milisakan 10 take fitowa (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), tudu biyar ne a jere da suke lambatawa I zuwa V, na biyar ɗin wajen milisakan 6. Nawa duk sun fito a kan lokaci.

Sai hular. Wannan ita ta fi cin lokaci, kuma ita ce ba wanda ya gaya min yadda take tun farko. Ma'aikacin, wani saurayi mai haƙuri, ya ɗauko tef ya auna kaina daga gindin hanci tsakanin idanu zuwa ɗan ƙashin nan da ya fito a ƙeya, ya sake aunawa daga kunne zuwa kunne, inda layukan biyu suka haɗu a tsakar kai ya ɗiga alama da fensir. Ya ce tsarin 10-20 ke nan, ana raba tsawon ne kashi 10 da kashi 20 cikin ɗari don kowace waya ta zauna a wuri ɗaya a kan kowa, ko babban kai gare ka ko ƙarami. Kowane gurbi da sunansa, masu F na goshi, C na tsakiya, P na saman baya, T na gefen kunne, O na ƙeya, lambobin mara a hagu, na cika a dama, masu z kuma a kan layin tsakiya. Hular roba ce mai matsewa, tawa mai ido 64 ce, ga igiya a ƙarƙashin haɓa.

Da na ga ya ɗauko sirinji sai da gabana ya faɗi, ya yi dariya ya nuna min bakin, ba shi da tsini sam, jel yake ɗurawa da shi cikin kowane ido na hular, ya ɗan jujjuya ya kauda gashi ya kankare fatar kaɗan. Ba zafi, sanyi ne da ɗan ƙaiƙayi, sai dai wani wurin in ya ƙi ya daɗe yana goga har ka ji fatar ta yi tsami. A skirin akwai zanen kai da ɗigo-ɗigo duk ja, in waya ta kama fata da kyau sai ɗigonta ya koma kore, shi yana neman awon turjiyar fatar a kowanne ya sauko ƙasa da kilo-om 5. Haka muka zauna muna kallon ja na komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara wasu wayoyin a gefen ido da ƙasansa. Na tambaye shi ko wuta za ta shige ni, ya ce "a'a ranka ya daɗe, ba ma sa komai, ɗauka kawai muke yi."

Kafin a fara ya juyo min da skirin don in ga kaina, wannan ne wurin da ya fi burge ni a ranar gaba ɗaya. Layuka ne birjik suna tafiya suna ɗan rawa. Ya ce ƙifta ido, na ƙifta, sai ga wani ƙaton tudu ya tashi a layukan goshi ya danne komai. Ya ce cije haƙora, na cije, skirin ya koma baƙin zane kaca-kaca. Ya ce to rufe ido ka saki jiki, bayan ɗan lokaci ya ce buɗe, ya mayar da rikodin baya ya nuna min yadda layukan ƙeya suka koma wata rawa mai tsari lokacin da idona ke rufe, sau 8 zuwa 12 a sakan, alfa ke nan, ita ce irin wadda wani likitan Jamus Hans Berger ya fara gani, shi ne ya fara ɗaukar irin wannan rikodin a jikin mutum a 1924 ya fitar da shi a rubuce a 1929. Ya nuna min duk wannan ne don in gane dalilin dokokinsu: kar in motsa, kar in taune baki, in rage ƙiftawa, in kafe idona kan wani ɗan kuros a tsakiyar skirin. Kuma wallahi tunda aka ce kar ka ƙifta ba abin da idonka zai so sai ƙiftawa, haɗiyar yawu ma sai ta zama aiki.

Zagayen farko an kunna min fim ba murya aka ce in kalla, sautin da zai riƙa shiga kunnena in yi banza da shi. Tit, tit, tit, iri ɗaya, jefi-jefi sai wani ya ɗan bambanta. Abin da suke nema a nan shi ne ko ƙwaƙwalwa na lura da canji da kanta ba tare da mai ita ya sa hankali ba, MMN sunansa, wani masanin Finland Risto Näätänen da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1978, yana fitowa tsakanin milisakan 100 da 250 bayan sautin da ya saɓa.

Na biyu shi ne ainihin aikin. Sauti biyu ne, mai kauri da siriri, mai kaurin shi ke zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari, siririn kashi 20 kuma ba ka san lokacin zuwansa ba, in ka ji shi ka danna maɓalli da sauri. A ji a baki abin wasan yara ne, kuma mintin farko haka yake. Amma ɗaki shiru, kujera mai laushi, haske kaɗan, tit tit tit ba iyaka, sai na ji hankalina na sulalewa, ina tunanin wani abu can daban sai in farga siririn ya wuce ban danna ba. Ta lasifika ya ce "Malam, gyangyaɗi ya fara zuwa, bari mu huta," ashe tun kafin ni in sani shi ya gani a layukan. Ya kunna fitila, na miƙe ƙafa, muka ci gaba. Daga baya suka riƙa jefo wasu sautuka na ba-zata, haushin kare, ƙararrawa, karyewar gilashi, waɗannan an ce kar in danna musu, amma yatsana sai da ya zabura wa wasu.

Sannan aka maimaita wannan aikin dai amma da surutun mutane da yawa a baya, ba ka iya tsintar kalma ɗaya a ciki. A nan na ji ainihin abin da ke faruwa da ni a ofis ya dawo, ƙeyata ta ɗaure, ina jin sautin amma sai na yi kokawa kafin in yanke ko mai kaurin ne ko siririn.

Na ƙarshe da hular shi ne na kunne biyu, sautuka na shiga dama wasu na shiga hagu a lokaci guda, a ce saurari hagu kaɗai ka manta da dama, can a juya. Wannan dabarar ta samo asali ne tun aikin Colin Cherry a 1953, wanda ya yi tambayar yadda mutum ke iya bin murya ɗaya a taron da kowa ke magana. A 1973 kuma Steven Hillyard da mutanensa a Amurka suka nuna cewa amsar da ƙwaƙwalwa ke bayarwa wajen milisakan 100, wadda ake kira N100, tana ƙara girma ga kunnen da mutum ya ba hankalinsa, ko da ƙarfin sautin ɗaya ne a duka biyun. Wato tun a kashi ɗaya cikin goma na sakan ƙwaƙwalwa ta riga ta fara fifita wanda kake so.

Da aka cire hular kaina duk jel ya bushe ya yi fari-fari, ga shatin zagaye a goshi, suna da wurin wanke kai da tawul. Na ɗauka an gama ashe saura ɗaya ba na'ura a kai, kuma shi ya fi ba ni haushi, PASAT, wata Dorothy Gronwall ce ta fito da shi a 1977 don masu buguwar kai. Murya na faɗin lamba duk bayan sakan uku, kai kuma ka haɗa sabuwar da wadda ta gabace ta. In an ce 3 sannan 5 ka ce 8, in aka ce 2 amsar 7 ce don da 5 za ka haɗa, ba da 8 ɗin da ka faɗa da bakinka ba. Lissafin ba wuya, amma amsarka ce ke tsaya maka a kai ta kori lambar da ya kamata ka riƙe, kana ɓata ɗaya sai uku su wuce ka. Da aka rage tazarar zuwa sakan biyu kuwa shiru kawai na yi ina sauraron lambobi na wucewa.

Rizal ba a ranar ake bayarwa ba, don sai sun zauna sun tsince duk wurin da na ƙifta ko na motsa sun zubar. Likitar da ta yi min bayani ta ce amsar sauti guda ɗaya ba ta ganuwa, 'yan mikrobolt ce a nutse cikin sauran aikin ƙwaƙwalwa da ya ninka ta girma, shi ya sa ake maimaita sautin ba adadi, kwamfuta ta yanko abin da ya biyo bayan kowanne ta ɗora su kan juna ta fitar da matsakaici, abin da ba shi da alaƙa da sautin sai ya kashe juna, amsar gaskiyar ta rage. Nan na gane dalilin tit tit ɗin da ya kusa sa ni barci.

Ta nuna min zane, layi biyu a kan juna, ɗaya na sautin da ya saba zuwa ɗaya na siririn da nake dannawa. A gurbin Pz, saman kai ta baya, layin siririn ya yi wani tudu mai faɗi. Ta ce wannan shi ne P300, Samuel Sutton da abokansa suka fara ba da rahotonsa a 1965, an sa masa sunan ne don wajen milisakan 300 yake kaiwa ƙololuwa a matashi mai lafiya in aikin mai sauƙi ne, kuma yana nuna lokacin da ƙwaƙwalwa ta gama tantance cewa ga abin da ake jira ya zo. Nawa a shiru ya ɗan makara kaɗan, a cikin surutu kuwa ya ja baya sosai kuma ya kwanta, da kyar ake ganin tudun. MMN ɗina yana nan, N100 ma ya fito, sai dai bambancin kunnen da na saurara da wanda na ƙyale ɗan kaɗan ne. Ta ce "ka ga, sautin na isowa lafiya, ƙwaƙwalwar ma na lura da canji, wajen zaɓa da tantancewa ne ake samun jinkiri." Na ce likita, jinkirin da bai kai rabin sakan ba shi ne duk wannan wahalar? Ta ce in tuna mai magana na furta gaɓoɓi huɗu zuwa biyar a sakan ɗaya kuma ba ya jira na, in kowace tantancewa ta ɗan makara ai sai su taru.

Dalilin kuwa, in kai ya bugu ko ya fizgu da ƙarfi ƙwaƙwalwa na girgiza a cikin ƙoƙon, siraran zaren jijiyoyin da ke haɗa sassanta su miƙe wasu su lalace. CT jini da karaya yake gani da kyau, irin wannan ƙananan ba ya kama su. Saurare cikin hayaniya kuma aikin haɗin gwiwa ne tsakanin ɓangaren ji da ke gefen kai da ɓangaren goshi da na saman baya masu riƙe hankali, in layin da ke tsakaninsu ya yi rauni sai abin ya bayyana a lokacin da aikin ya yi nauyi kaɗai. Ta ce an ga irin wannan sosai a sojojin Amurka da suka dawo daga Iraki da Afganistan bayan fashewar bam ta girgiza su, gwajin kunne lafiya amma ba sa gane magana a taro.

Abin da na yaba mata shi ne ba ta kambama na'urar ba. Ta ce P300 shekaru na jinkirta shi, rashin barci na taɓa shi, magani da damuwa ma haka, kuma ba wanda ya auna nawa kafin hatsarin balle a kwatanta, da na sa'o'ina kawai ake gwadawa. Shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da gwajin magana cikin surutu da na lambobin nan da abin da ni na faɗa da bakina, a wajena kuma duk sun nuna hanya ɗaya. EEG gwani ne wajen faɗin lokacin da abu ya faru har zuwa milisakan, amma wajen faɗin ainihin wurin ba shi da ƙarfi don ƙashin kai na baza siginar, shi kuma fMRI, wani hoton aikin ƙwaƙwalwa da inji ke ɗauka, wurin yake nunawa amma gudun jini yake bi, wanda ke biyo baya da sakanni. Ni dai ra'ayina, duk wanda ya miƙo maka hoton kai mai launi ja da shuɗi ya ce ga ciwonka nan a wannan ɗigon, ba tare da ya gwada jinka da hankalinka ta wasu hanyoyin ba, ka nemi wani ya sake dubawa.

Ba a ba ni wani magani a kan wannan ba. An haɗa ni da mai horar da saurare, muna yin atisaye da murya cikin surutu, in na fara iyawa a ƙara surutun. An ce in riƙa matsawa kusa da mai magana, don in ka rage tazarar da ke tsakaninku da rabi muryarsa na ƙaruwa da kusan desibel 6 a fili, in zauna inda zan ga fuskarsa, in ba hayaniyar baya, in kashe abin da zai kasu kafin a fara magana mai muhimmanci. Sun ba ni aron wani ɗan makirfon da mai magana ke maƙalawa a riga muryarsa ta zo kunnena kai tsaye, a mitin babba yana taimako sosai, a hira ta mutane da yawa kuwa ba ya yi don ba za ka bi kowa kana maƙala masa ba. Dogon zama kuma an ce in riƙa yanka shi da hutu tun kafin kai ya ɗau zafi.

Takardar rizal ɗin na kai wa shugabana a wajen aiki, yanzu ana turo min abin da za a tattauna a rubuce kafin mitin, kuma an bar min kujerar da ke nesa da na'urar sanyaya ɗaki. Bayan wasu watanni za a sake sa min hular, da sautuka iri ɗaya da surutu iri ɗaya, a ɗora sabon layin kan na farko a ga ko tudun ya matso gaba.